Likkafanin Sarauniyar Kyau

Shafi na 23

Masu turo saƙo cewa na kashe Madam Radmila da wuri, ku yi haƙuri, ajali ko a labari ba ya neman shawara. Ga na yau.

*

Kwana uku ke nan gawar Madam Radmila Veselinov tana kwance a ɗakin sanyi na asibitin, da lamba ɗaure a wuyan hannunta. Matar da ta taɓa ɗaura kambun sarauniyar kyau a Amurka, ta mutu sau goma sha ɗaya a finafinai ba a taɓa rigima a kan gawarta ba. Yau da ta yi ta gaskiya, masu ɗauka sun yi yawa.

Jami'in da ke sakin gawa, wani dattijo ɗan Sudan mai carbi, ya riga ya gama nasa bayanin tun da hantsi. Babu takardar musulunta, domin Madam ta cika saura kwana biyu a je a karɓo. Akwai bidiyo ɗaya na kalmar shahadarta, shaida ɗaya, 'ya ɗaya. Idan 'yar ta sa hannu, a yi mata sutura a binne ta a Dubai bayan la'asar. Idan ta ƙi, a yi wa gawar allurar hana ruɓewa, a sa a akwati, a kai Chicago.

"Ku daidaita kafin azahar," ya ce. "Khalas."

Ya rufe ƙofarsa ya bar mata uku a kan kujerun ƙarfe.

Mahfuza, nas 'yar Kano da ta yi jinyar Madam wata goma sha huɗu, tana tsakiya. A damanta gwaggonta ce, Hajiya Ummulkhair, mai safarar leshi da abaya daga unguwar Al Buteen ta Dubai zuwa kasuwar Kwari. Tun da safe ta tsallaka ruwa zuwa Bur Dubai ta yanko farin yadi, ta haɗo da kafur da garin magarya a leda. Har suna ta raɗa wa mamaciyar, Khairunnisa, duk da sau biyu kacal ta taɓa ganinta.

A hagu kuma Tijana ce, 'yar Madam tilo, lauya, da ta sauka daga jirgi jiya cikin baƙaƙen kaya. Hancin uwarta gare ta, da goshin wani mutum da ya fita daga labarin nan tun shafi na shida.

"Me take kallona haka?" in ji Gwaggo. "Ni na kashe ta?"

"Ledar take kallo, Gwaggo."

"Ta kalla da kyau. Auduga ce zalla, ba na roba ba."

Tijana ta juyo. Da Turanci ta yi magana, a hankali, irin ta mutanen da suka saba a rubuta abin da suka faɗa.

"Ke ce Mahfuza."

"Ni ce."

"Ke kike ɗaga wayarta ki ce tana barci."

"Wani lokacin barcin take."

"Wani lokacin kuma?"

"Tana zaune kusa da ni tana girgiza kai."

Tijana ta gyaɗa kai, kamar an tabbatar mata da lambar gidan da ta riga ta sani.

"Na ga bidiyonki. Wata abokiyar aikina 'yar Nijeriya ce ta nuna mini. Ta ce, wannan ba mamanki ba ce? Shekara shida ban ga fuskar mahaifiyata ba. Ta hana hoto, ta hana kiran bidiyo, ta hana ni zuwa. Sai na gan ta a wayar wata, a wurin shan shayi na ofis, da rubutu a ƙasa cikin yaren da ban iya ba."

Mahfuza ta sunkuyar da kai.

Madam da kanta ta ce a ɗauka. "Za ki buƙaci shaida," ta ce. Mahfuza ta tura wa Gwaggo ita kaɗai, don ta tambaya mata inda ake karɓar takarda. Gwaggo kuwa mace ce mai riƙon amana, wuri ɗaya tak ta tura shi: zauren matan Kwari na waya, mai mutum ɗari biyu da hamsin. Kafin gari ya waye, fuskar da Madam ta rufe wa madubai uku da tawul, wadda ciwon daji da wuƙar likita suka raba gefen damanta tsakaninsu, ta zaga Kano ta dawo. Rahama ɗaya ce a ciki, ta rasu ba ta sani ba.

"Me take cewa?" Gwaggo ta zunguri Mahfuza.

"Maganar bidiyon ce."

"Ce mata mutum dubu ɗari huɗu sun yi wa uwarta addu'a. A can garin nasu nawa za su zo?"

Mahfuza ba ta fassara ba.

Tijana ta buɗe jakarta ta fito da waya.

"Ni ma ina da bidiyo. Matso. Ki ce wa yayarki ta matso."

"Gwaggona ce."

"Ta matso."

Kawuna uku suka haɗu a kan gilashi ɗaya.

Tsohon fim ne, kalarsa ta koɗe. Wani ɗaki ne a ƙarƙashin ƙasa, ana jin harbi a sama. Wata mace kwance a kan bargo, ɗankwali a kanta, jini a kafaɗa. Mahfuza ta ɗan jima kafin ta gane ta. Ba ta taɓa ganin fuskar nan cikakkiya tana motsi ba. Kyau ne irin wanda yake sa mutum ya gyara zama.

Matar ta ɗaga yatsanta manuni. Ta faɗi rabin farko na kalmar shahada. Ta tsaya, ta ja numfashi ɗaya mai nauyi. Ta faɗi rabi na biyu. Ta lumshe ido, yatsan ya sauka a hankali a kan bargo.

Mahfuza ta ƙara matsawa kusa da wayar. Ta san yatsan. Ta san numfashin nan na tsakiya, domin a kansa ta yi kuka ranar da ta ɗauki nata bidiyon.

"Alif ɗari tara da casa'in da shida," in ji Tijana. "Ta fito a matsayin Musulma 'yar Bosniya da aka harbe. Wata uku ta yi tana maimaita wannan a kicin ɗinmu. Shekarata tara, ni nake riƙe mata takardar. Har ni na haddace. In kina so in faɗa miki yanzu, sai gwaggonki ta koma kasuwa ta yanko nawa yadin."

Gwaggo ta ƙura wa wayar ido, ta tafa hannu sau ɗaya.

"Ikon Allah. Ashe tun tuni ta musulunta. Shekara kusan talatin muna zaune ba mu da labari."

"Gwaggo, fim ne."

"Fim ne sai me? Kalmar ta fita daga bakinta ko ba ta fita ba?"

"Aikinta ne. Sa ta aka yi."

"Ke ma sa ki aka yi ki duba marasa lafiya. Ladan ya zube?"



"Kin san abin da fim ɗin nan ya jawo mana?" Tijana ta kashe wayar. "An haife ta a Sarbiya, an kawo ta Chicago tana yarinya. Ranar da ta ci kambu, mutanenmu sun rufe titi suna rawa, 'yarsu ta doke 'yan Amurka a gidansu. Bayan shekara goma sha huɗu ta fito a matsayin matar da 'yan Sarbiya suka harbe, yaƙin Bosniya bai ko huce ba. A bakin coci aka tofa wa kakata yawu a takalmi. Aka cire hotonta daga bangon zauren taronmu, ƙusar tana nan har yau. Fim ɗin kuma ba wanda ya kalla sai waɗanda suka ji haushinsa. Daga nan sai tallan man shafawa, sai miji na uku, sai Dubai."

"Ba ta taɓa gaya mini ba."

"Me ta gaya miki?"

"Ta ce ta yi finafinai da yawa, kuma a duk cikinsu kashe ta ake yi kafin a kai rabi."

Wani abu kamar dariya ya taso wa Tijana, ta haɗiye shi.

"A jirgi na jera bidiyonki da nawa. Sau arba'in na kalla. Yatsan ɗaya, numfashin ɗaya, har yadda ido yake rufuwa. Kin yi jinyar 'yar wasa, Mahfuza. Ta yi miki wasan da ta fi iyawa."

Wani ma'aikaci ya turo gado babu kowa a kai ya wuce su, tayar tana kuka.

"To me kike jira?" Mahfuza ta ce. "Alƙalamin naki ne. Shiga ki ce masa a'a."

Tijana ba ta tashi ba.

Ta juya wayar a hannunta, ta sake juyawa.

"Akwai abu ɗaya da bai yi daidai ba."

"Mene ne?"

"Gefen."

"Ban gane ba."

"Mahaifiyata hagu take ba kamara. Tun tana shekara goma sha bakwai wani mai hoto ya ce mata hagunta ya fi, ta riƙe kamar aya. Duk hotunanta hagu ne. A fim ɗin nan hagu ne. Ranar aurena sai da ta sa aka sauya wa mutum talatin wurin tsayuwa don hasken ya sauka a hagunta. Ciwon kuma bai taɓa hagun ba, ko?"

"Bai taɓa ba."

"A bidiyonki ta hagunta kika tsaya."

Haka ne. Da gangan Mahfuza ta tsaya can, don tausayi.

"Sai ta juyo," in ji Tijana. "Na ga wuyanta yana rawa don zafi, amma ta juyo a kan matashin nan ta ba ki wancan gefen. Na mayar da wurin baya sau ashirin. Ban san matar nan da ta juyo ba."

Ta ajiye wayar a cinyarta.

"Ko dai wannan ne karo na farko a rayuwarta da ba wasa take ba, ko kuma shi ne wasa mafi kyau da ta taɓa yi. Kuma ta iya. Fim ɗin kirki ne kawai ba ta samu ba."

"Wai me ake ta faɗa haka?" Gwaggo ta gaji. "Azahar fa ba ta jin Turanci."

"Ki ɗan yi haƙuri, Gwaggo."

"Haƙurin ne ya kawo mu kwana uku. Baiwar Allah tana cikin ƙanƙara kamar kifin kasuwar Deira."

Tijana ta dubi ledar farin yadin, sannan ta dubi Mahfuza.

"Kin san yadda muke yi a wurinmu?"

"Kaɗan."

"Akwati a buɗe, a tsakiyar coci. A yi wa mamaci kwalliya, a gyara gashi. Mutane su yi layi, kowa ya zo ya duba, ya sumbata, ya wuce. Ranar jana'izar kakata, mahaifiyata ta tsaya a kan akwatin ta daɗe. Na ɗauka addu'a take. Sai ta raɗa mini, sun sa mata jan bakin da ba nata ba. A mota kuma ta ce, ni ba wanda zai yi layi ya kalle ni ina kwance."

Ta numfasa.

"A lokacin ma fuskarta cikakkiya ce. Ku fa, yaya kuke yi?"

"Mata ne suke wanke mace. A naɗe ta cikin farin yadi. A yi salla, a binne a ranar."

"Fuskar?"

"A rufe."

"Na sani, na karanta a jirgi. Abin da nake son sani, ita ta sani?"

Mahfuza ta ji kamar an ɗaga murfin tukunyar da ta daɗe tana dannewa.

Wata ranar Talata ce da yamma, sati uku kafin bidiyon. Tana canza mata bandeji, labule a sauke kamar kullum. Madam ta yi tambayar idonta yana kan silin.

"Mafuza, in mutum ya mutu a garinku, wa yake yi masa kwalliya?"

"Ba a yi, Madam."

"Ko hoda?"

"Ko kwalli."

"Layi fa? Mutane ba sa zuwa kallo?"

"Sahu ake yi a yi salla. Ba abin da ake gani sai farin yadi."

"Sarauniya da mai shara, yadi ɗaya?"

"Ɗaya."

Madam ta yi dariya da rabin bakin da ya rage mata, har bandejin ya motsa.

"Shekara arba'in ana kallona. Ba su ƙoshi ba, ni na gaji. Waɗanda suka cire hotona su ne za su zo sahun gaba, su ga abin da Allah ya yi mini, su koma gida su ci abinci da daɗi." Ta kamo hannun Mahfuza da yatsunta masu sanyi. "Yi mini alkawari. Kada ki bari su kalle ni."

Mahfuza ta yi alkawarin.

Bayan wannan ranar ne sauran tambayoyin suka biyo. Me ya sa sau biyar. Me ake cewa in an sa goshi a ƙasa. Ta kan ce a bar ƙofa a buɗe in Mahfuza tana salla. Sau ɗaya ta ce a karanta mata sura, ta yi kuka, babu kamara a ɗakin, babu ko madubi. Mahfuza ta gaskata hawayen nan, har yanzu tana gaskata su. Amma ta iya jera abubuwa bi da bi, aikinta ke nan: tambayar likkafani ce ta fara zuwa, kalmar ta biyo baya.

Ba ta taɓa gaya wa kowa ba, har Gwaggo.

"Ba ki amsa ba," in ji Tijana.

"Mu zahiri muka sani. Abin da ke zuciya na Allah ne."

"Wannan amsar liman ce. Ni nas nake tambaya."

"Ko ta tambaya ko ba ta tambaya ba, me zai canza? Mutum yana iya shiga gida ta ƙofar baya, kuma ya zama ɗan gida."

"Yana iya. Yana kuma iya shiga don ya ɓuya."

A karo na farko muryar Tijana ta tsage.

"Akwai wuri a gefen kakata, na tanada tun tuni. Ina so in san inda zan je ranar Lahadi. Ina so in sumbace ta sau ɗaya, a gaban mutanen nan, su ga cewa tana da 'ya. Ta hana ni fuskarta tana raye. Idan ta sami Allahnku da gaske, zan haƙura, ba zan raba ta da shi ba. Amma idan ta nemo hanya ce kawai ta hana ni ita tana mace, ba zan sa hannu in taya ta ba."

Ta goge idonta da bayan hannu, da sauri, kamar mai goge kuskure. Da ta sake magana, lauyar ta dawo.

"A kotu littafi muke ba mutum ya dafa ya rantse. An ce ku kun fi mu jin tsoronsa. Ki ɗora hannu a kan naku ki ce ba ta taɓa tambayarki yadda kuke binne mutum ba kafin ranar bidiyon. Magana ɗaya. In kin faɗa, in shiga in sa hannu, ku tafi da ita. In ba za ki iya ba, gobe tana jirgi tare da ni."

"Yanzu kam sai kin fassara," in ji Gwaggo. "Na ga ta yi kuka."

Mahfuza ta fassara, kalma da kalma, ba ta rage ko ɗaya ba.

Fuskar Gwaggo ta washe.

"Shi ke nan? Ai da tun da safe ta faɗa, da yanzu mun gama wanka."

Ta zuge jakarta, ta ture fasfo da katunan masu kargo, ta fito da ƙaramin Alƙur'ani izu sittin da take tafiya da shi ko'ina, naɗe cikin koren ƙyalle. Ta warware shi da bismilla, ta miƙo da hannu biyu.

"Ungo, 'yar nan. Rantse mata mu tafi."

Mahfuza ba ta motsa ba.

"Mahfuza."

"Na'am, Gwaggo."

"Karɓi mana."

Gwaggo ta shekara ashirin tana ciniki da mutanen da ba ta jin yarensu, da fuska take gane farashi. Ta dubi 'yar ɗan'uwanta, ta daɗe tana dubawa. Murmushin ya sauka daga fuskarta a hankali. Hannayenta suka ɗan ja baya da littafin, kaɗan, kamar mai janye yaro daga bakin titi.

Daga masallacin asibitin ladan ya fara kiran azahar. Ƙofar ofis ta buɗe, dattijon ya leƙo, takarda a hannu ɗaya, carbi a ɗaya.

"Yalla. Ina muka tsaya?"

Ba wadda ta dube shi.

Gwaggo ta rage murya, ƙasa sosai, ta yadda ko da Tijana tana jin Hausa ba za ta ji ba.

"Ko dai ba ki da alwala ne?"

Ƙofa ce ta buɗe mata, su biyun sun san haka. Kalma ɗaya, a ɗage maganar zuwa bayan salla, ko zuwa gobe, Madam ta ƙara kwana a cikin sanyi.

Mahfuza ta dubi farin yadin a cikin leda. Ta dubi Tijana, mai hancin uwarta.

"Da alwalata, Gwaggo," ta ce.

Ta miƙa hannu.